Shirun Abuzar

Litinin, bayan azahar

Abuzar ya dawo daga makaranta da saƙo a baki: hedimasta yana son ganin iyayensa gobe. Na tambaye shi me ya fasa kuma. Ya rantse bai fasa komai ba, wai wata mata ce ta zo daga Kano ta zauna a bayan aji tana kallonsu.

"Ni ta fi kallo, Umma."

Kafin in sake tambaya ya yi waje da takalmi ƙafa ɗaya yana ƙwala wa Abdulsamad ɗan gidan ƙawata Indo kira. Bai cika takwas ba, amma yana aji uku. Babansa Maharazu yana gona, tumatir ya nuna, ba zai bar masu tsinka su kaɗai ba. Ni zan je.

Talata, da yamma

Mu tara muka tarar da juna a ofishin hedimasta, duk iyayen 'yan aji uku, duk kuma 'ya'yanmu maza ne. Har da Indo. Matar tana nan, sunanta Ni'imatullahi, amma ta ce mu kira ta Anti Ni'ima. Daga wata cibiya take a Kano. Ta iya magana, ba ƙarya. Ta ce 'ya'yanmu ba fitinannu ba ne, wani abu ne a ƙwaƙwalwa da ake kira ADHD, ciwon rashin natsuwa. Yaro ba ya iya zama, ba ya iya riƙe hankalinsa wuri ɗaya, kuma dukan da ake yi masa zalunci ne. Wannan na ƙarshen ya shige ni.

Na ce, "Anti, sau nawa kika ga yaran nan?"

Ta ce jiya.

"A safiya ɗaya kika gano su tara?"

Ta yi murmushi. "Hajiya, wannan matakin farko ne. Shi ya sa muke so ku kawo su cibiyarmu a tabbatar."

Ni ba Hajiya ba ce, kuma ban ji daɗin murmushin ba. Da muka tashi fita na ji ta ce wa hedimasta, "Yaya, ina makullin motar?" Yaya. Babu wanda ya gaya mana 'yan'uwa ne.

Laraba, da hantsi

Inna Kulu, surukata, ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ciwo? To ai ubansa ne ya fara kwanciya da shi. Maharazu yana kamar wannan ya taɓa zaunawa? Har cikin rumbu aka ciro shi da kai ƙasa. Ga shi nan yanzu da gonarsa da iyalinsa."

Shi kuwa Baban Abuzar cewa ya yi, "Ki rabu da su. Yaro ne. Idan ya gaji da gudu zai zauna."

Na yi shekaru ina koyarwa a Islamiyyar unguwa bayan la'asar. Na ga masu motsi, na ga masu barci da ido buɗe. Ba wanda ya taɓa ce min kashi ɗaya cikin huɗu na aji marasa lafiya ne.

Alhamis, bayan magariba

Na duba a waya. Can ƙasashen waje ma faɗa suke yi a kai. Wasu likitoci na cewa an yi yawa, ana liƙa wa yara sunan ciwo don kawai sun fi ƙarfin malami. Wasu na cewa a'a, a wurare irin namu ba a ma gano masu shi, duka kawai suke sha har su bar makaranta. Kowane ɓangare ya zo da lissafinsa. Na karanta har idona ya yi yaji, ban yarda da ko ɗaya ba. Kowa yana da abin da yake sayarwa.

Asabar, da rana

Indo ta kai Abdulsamad Kano. Ba ta gaya min za ta je ba.

Talata, bayan la'asar

Na haɗu da Malam Mustapha, malamin ajinsu, a bakin injin casar shinkafa. Na tare shi kafin ya hau babur.

"Malam, kai kake tare da su kullum. Ka yarda da taran nan?"

Ya waiga hagu da dama tukun. "Malama, ajin nan rufin kwano ne, taga ɗaya. Idan rana ta take, ni ma ba na son zama. Ni aka tambaya wa ya fi damuna, na faɗa. Ban san inda maganar za ta je ba."

"To ba ka yarda ba ke nan."

"Biyu a cikinsu, gaskiya, ina tunaninsu har a gida. Sauran kam yara ne."

"Abuzar fa?"

Sai ya tsaya gyara madubin babur ɗinsa. Ya ce lokacin sallah ya yi, ya tafi. Ba a kusa kiran sallah ba.

Alhamis, da safe

Indo ta shigo karɓar rariya, fuskarta sai ƙyalli. An ba Abdulsamad ƙwaya, ɗaya kullum da safe. "Sadiya, jiya ya zauna ya rubuta shafi guda cur. Da kansa! Ki kai Abuzar, kar ki tsaya taurin kai."

Ta faɗi "shafi guda" sau uku. Kalmomin ma ba irin nata ba ne, "ci-gaba", "mataki". Wa ya koya mata? Ko an ce duk wadda ta kawo wata za a yi mata sauƙi? Allah Ya yafe min idan zato ne. Amma rariyar ba ta ɗauka ba da za ta fita.

Juma'a

Ba zan rubuta ba.

Asabar, da asuba

Sa'a, ƙanwar Abuzar, ta yi barci. Tarin ya ragu. Ma'aikacin asibiti ya ce ƙirjinta ya washe, mu dai lura ko zazzaɓi zai zo. Shekara uku. Hannunta duka bai cika tafina ba.

Asabar, da yamma

Na dafa abinci na aika gidan Malam Dalhatu, mai gonar albasa ta bakin kanal, babbar magudanar ban-ruwa. Matarsa ta ce wayarsa ta mutu, tana aljihunsa da ya faɗa ruwan ya ciro Sa'a. Baban Abuzar ya je ya yi masa godiya. Ranar an sako ruwa da ƙarfi daga madatsa. Kowa sai ya faɗa min haka, an sako ruwa da ƙarfi, kamar ban sani ba.

Mata sun cika gidan da jaje. Kowacce ta taɓa kan Sa'a, sannan ta nemi Abuzar da ido. Yana bayan randa.

Lahadi, bayan azahar

"Gobe za a kai shi wurin matar nan."

Haka Baban Abuzar ya faɗa yana tsaye, bai ko cire takalmin gona ba.

Na ce, "Kai ne fa ka ce yaro ne."

"Na ce. An ce masa ya riƙe hannunta. Abu ɗaya aka ce masa, Sadiya. Ɗaya."

"Don haka sai mu miƙa shi ga ƙanwar hedimasta?"

"Ƙanwar hedimasta ce ta saki hannun?"

Inna ta leƙo ta ce mu rage murya, bango ba shi da kauri. Na ce ba inda za a kai min ɗa sai na gamsu. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da bai taɓa yi min ba, sannan ya fita. Bai ƙara tayar da maganar ba. Wannan ya fi tsorata ni. Maharazu ba ya sakin magana da sauƙi haka.

Talata, da hantsi

Zazzaɓi bai zo ba. Alhamdulillahi.

Laraba, bayan la'asar

Abuzar ya yi shiru.

Ya dawo daga makaranta da takalmansa biyu, da jakarsa, da fensirinsa. Ya ajiye su inda ake ajiyewa. Ya zauna a tabarma har aka kira la'asar bai motsa ba. Yara sun zo ƙofa da ƙwallo suna kiransa, ya ce ba ya zuwa. Tuwonsa rabi ya ci.

Inna ta ce, "Kin gani? Hankali ya fara shigarsa."

A kwana biyar?

Alhamis, da safe

Babansa ne yake haɗa masa shayi kwanan nan. Da can ba ya yi. Yau na tsaya a bakin ƙofar ɗaki ina kallo ta gefen labule. Ya juya min baya yana motsa kofin, ya daɗe yana motsawa. Da suka fita na ɗauki kofin na shinshina, na lashi abin da ya rage a ƙasa. Sukari ne da madara. Amma ni na san ɗanɗanon ƙwayar ne?

Jiya na ga mijin Indo da Baban Abuzar a gindin dalbejiya suna magana ƙasa-ƙasa. Da na wuce suka koma zancen kwandon tumatir.

Juma'a, da rana

Shiru. Shiru. Malam Mustapha ya aiko a gaya min Abuzar ya gyaru, ko motsi ba ya yi a aji. Hedimasta kuma ya aiko da tambaya, ashe mun kai shi cibiyar ba mu faɗa ba?

Kowa yana murna. Ni kaɗai ce a garin nan nake jin kamar an sauya min ɗa.

Asabar, bayan azahar

Na je gidan Indo. Ban yi kwana-kwana ba.

"Ƙwayar Abdulsamad, akwai wanda ya karɓi wani abu a ciki?"

Da farko ba ta gane ba. Da ta gane sai ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Sadiya, ni? Mu da muka tashi tare? Wallahi tallahi ko ubansa ba ya taɓa kwalbar nan, a ƙasan akwatina take."

Sai ta fashe da kuka. Ba don ni ba. Ta ce Abdulsamad ba ya cin abinci sai dare, wandonsa ya fara zamewa. Ta kira cibiyar, an ce zai saba. "Amma kin san tun da ya fara sha ba a dake shi ba? Da can kullum da shatin bulala yake dawowa. Ranar nan ya ce min, Umma, yau na ji abin da Malam ya faɗa har ƙarshe. To in hana shi? Ke ki gaya min, ke da kika yi karatu."

Na tafi can da tabbacin an saye ta, na dawo ban san me zan yi da hawayenta ba.

Lahadi, da safe

Na ga Inna tana ba shi wani abu a ƙoƙo. Na yi tsalle na riƙe hannunta.

"Rubutu ne, 'yar nan. Daga wurin Malam na masallaci. Kullum a gabanki nake ba shi, yau kika gani?"

Gaskiyarta. A gabana take ba shi. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma har yamma ba ta ƙara yi min magana ba.

Litinin, bayan magariba

Na tambaye shi. Na jira ya ci abinci, sannan na ce, "Baban Abuzar, don Allah ka gaya min gaskiya. Me kake saka masa a shayi?"

Ya ajiye kofin ruwan a hankali.

"Abin da kike tunani ke nan duk kwanakin nan? Zan ba ɗana magani a ɓoye, kamar ɓarawo a gidana?"

"To me ya sa ka fara haɗa masa shayin?"

Ya ture kofin gefe. Sannan ya ce, "Saboda na kasa yi masa magana. Tun ranar nan idan na buɗe baki ban san me zai fito ba. Shayin kaɗai nake iyawa."

Zancen mijin Indo kuwa, tambayarsa ya yi ko akwai wani likita ban da na cibiyar. Ya tashi ya fita masallaci tun kafin a kira isha'i.

Na yarda da shi. Ina jin na yarda da shi. To idan ba wanda ya ba yaron komai, mene ne wannan?

Laraba, da yamma

Na dawo daga Islamiyya na same shi a bayan ɗaki, inda nake shanya shinkafa. Yana zaune a kan hannayensa, ya danne su da cinyoyi. Gumi ya jiƙe masa riga. Ƙafarsa ɗaya tana rawa, yana kallonta kamar zai cije ta.

"Me kake yi a nan?"

"Ina koyon zama."

Na ciro hannayen. Sun yi fari, sun mutu, sai da na murza su.

"Wa ya ce ka yi haka?"

"Ba kowa." Ya kalli hannayen. "Umma, cikin kaina kamar injin ban-ruwa ne. Ko na zauna yana ta yi. Idan na danne hannuna sai ya ɗan rage."

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

"Tsuntsu ne. Shuɗi, mai dogon baki. Ya faɗa ruwa ya fito da kifi. Ni ban san na saki Sa'a ba. Wallahi Umma ban san lokacin ba. Ina ji kamar tana hannuna."

Sannan ya ce, "Ki karɓo min irin na Abdulsamad. Ko ba zan ci abinci ba, ba komai."

Kwana da kwanaki ina shinshinar kofuna, ina zargin miji da suruka da ƙawa. Yaron yana bayan ɗakina yana zaune a kan hannunsa.

Alhamis

Na gaya wa babansa. Ya rufe fuska da hula.

Litinin, da yamma, mun dawo daga Kano

Ba cibiyar muka je ba, babban asibiti muka je, ɓangaren yara. Mun yi sammako, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Dattijo ne, Dakta Muhammadu Sani. Na shiga da shirin faɗa, ya hana ni dama, don tambaya kawai yake yi. Yaushe yake barci? Yana jin magana idan an yi daga bayansa? A gida ma haka yake, ko a makaranta kawai? A Islamiyya fa? Tun yaushe? Da ya ji shekarunsa da ajinsa sai ya ɗaga kai.

"Shi ne ƙarami a ajin?"

Kusan. Akwai masu shekara tara da rabi.

Ya sa Abuzar ya zana masa gonar babansa. Yaron ya zana komai, tumatir, inji, bututu, awaki. Bai zana kanal ba. Likita ya lura. Babansa ne ya ba da labarin, a taƙaice.

"Wa ya aike su su biyu ta bakin ruwa?"

Ba da faɗa likita ya yi tambayar ba. Ranar tukunyar turara shinkafa tana kan wuta, abincin gona ya huce, hanyar kuma kullum ake bi, sai na aike su. Na kalli taga.

Baban Abuzar ya ce, "Mu ne."

Likita ya juya ga Abuzar. "Ka ji ko? Ɗan shekara bakwai, ko wane iri ne, tsuntsu zai iya ɗauke masa hankali. Wannan ba aikinka ba ne tun farko."

Abuzar ya kalli babansa don ya ga ko gaskiya ne. Babansa ya gyaɗa kai.

Na ce, "Likita, yana da ciwon ko ba shi da shi?"

"Ciwon gaskiya ne, Malama, ina da yara da maganin ya ceci karatunsu. Ina kuma ganin waɗanda aka liƙa wa sunan a banza. Naki zai iya zama ko wanne. Abin da kika ce ya faɗa na injin nan ban yi watsi da shi ba. Amma yaron da ke gabana yau a tsorace yake, ba zan auna shi a haka ba. Ku bar shi ya dawo daidai. Ina son jin ta bakin malaminsa, a duba kunnensa, sannan ku dawo."

Bai rubuta magani ba. A mota ina ta juya maganar. Ko shi ma so yake mu yi ta zarya? Ko tsoron faɗar gaskiya yake? Na kama kaina ina neman laifinsa tun daga Kano har gida Kura, ban samu ba, kuma hakan bai kwantar min da hankali ba.

Laraba, da hantsi

Hedimasta ya ce duk wanda bai je cibiyar ba sai ya kawo shaida daga wani wuri kafin sabon zango. Baban Abuzar ya je da kansa ya ce masa muna ganin likita, kuma yana so a mayar da yaron aji biyu, cikin sa'anninsa. Hedimasta bai so ba, amma ya yarda. Iyaye uku cikin taran sun cire 'ya'yansu gaba ɗaya. Indo ta ce in ba ta sunan likitan, tana so a duba maganar cin abincin.

Malam Mustapha ya amince zai yi magana da likita ta waya. Na sake tambayarsa ko Abuzar na cikin biyun nan. Ya ce zai gaya wa likita.

Asabar, bayan la'asar

Na shanya shinkafa buhu guda a tsakar gida na shiga ɗaki. Sai na ji ihu da gudu. Abuzar ne, ya ji ana buga ƙwallo a waje, ya fita a guje ya bar ƙofa a wangale. Awakin maƙwabta biyar suka shigo suka hau shanyar.

Babansa yana alwala. Ya miƙe da buta a hannu ya daka tsawa, "Abuzar! Don ƙaniyarka, wa zai rufe maka ƙofar?"

Inna ta tsaya da muciya a sama. Yaron ya dawo ya tsaya a bakin zaure yana haki, ƙura har gwiwa, yana kallon uban. Tun ranar Juma'ar nan ba wanda ya ɗaga masa murya.

"Yi haƙuri, Baba."

"Kore su, sannan ka tafi."

Ya kore su yana tsalle, har ya taka min shinkafar fiye da yadda awakin suka taka. Sa'a tana bayansa tana dariya da ɗan kara a hannu. Ya fita. Ya sake barin ƙofar a buɗe.

Alhamis za mu koma asibiti. Likita ya ce in lura da duk abin da yake yi in gaya masa. Na daɗe zaune a gaban shanyar nan ina tunanin yadda zan kai masa wannan, a matsayin alamar ciwo, ko a matsayin sauƙi. Baban Abuzar ya tashi ya rufe ƙofar da kansa.